Rasuwar Doguwa Oline, Hasumiyar Dutsen Lomvik

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Mai Sama, ni Torleif Myrvang, a madadin kaina da maiɗakina Halldis da 'yan tsirarun da suka rage a garin Lomvik, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na kusa da waɗanda suka yi ƙaura kudu, rasuwar maƙwabciyarmu kuma uwa ga kowa, hasumiyar sadarwar da ke kan dutsen bayan gari, wadda aka fi sani da Doguwa Oline. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da rana ta dawo mana bayan duhun hunturu, wanda a nan ake yin makonni rana ba ta fito ba, da tsakar rana, a gaban idon kusan duk mutanen gari, bayan doguwar jinyar ƙanƙara da iska. Ta rasu tana da shekara hamsin da 'yan kai. A duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa kwanciya ba sai ran nan.

Ina sabon ango aka haife ta. Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta jigilar gaɓoɓinta daga bakin ruwa zuwa kan dutse tsawon bazara guda, muna tsaye a ƙofar gida baki buɗe. Da aka gama ɗaura ta, tsofaffi suka dube ta suka ce ai wannan Oline ce ta dawo. Oline unguwarzomar garinmu ce ta zamanin da, wata doguwar mace siririya wadda ba ta zama in ta shiga gida, ta san cikin kowa amma ba a taɓa jin maganar wani a bakinta ba. Sunan ya bi hasumiyar, har ma'aikatan kamfanin da ke da ita suka koma kiranta da shi. A shekarar aka ɗauke ni aikin kula da ita: shafa fenti, ɗaure noti, sauya ƙwan jar fitilar da ke kanta, duba igiyoyi, da kakkaɓe mata ƙanƙara da gudumar katako in sanyi ya yi tsanani. Ban yi wani aiki ba bayan wannan.

Marigayiyar siririya ce, saƙar ƙarfe, mutum biyu sun isa su rungume ta, amma tsayinta ya haura mita ɗari. Ƙafa ɗaya gare ta, a kan wani dunƙulen ƙarfe da bai fi kan mutum girma ba, igiyoyin ƙarfe kuma suka riƙe ta ta fuska uku. Waɗanda suka zana ta sun bar mata jiki duk ƙofofi, don iska ta shiga ta wuce. Sirrin daɗewarta ke nan: ba ta jayayya da iska, hanya take ba ta.

Tana da halaye na gari da ba za su ƙirgu ba. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ta ɗauki zancen masoya da zagin masu faɗa da kukan masu makoki, ta kai kowanne inda aka aike ta, ba ta ƙara gishiri ba. Tana kuma da murya, duk wanda ya tashi a Lomvik ya san ta. In iskar yamma ce, sai igiyoyinta su ɗauki guuu, guuu, kamar bijimi a bayan tudu, kowa ya ci gaba da harkarsa. In ta arewa ce, sai fito siriri, fiiii, mai shiga haƙori. Nan mata ke kwashe shanya, masunta su ƙara wa jirage ɗauri tun kafin rediyo ya ce uffan.

Wanda ya fi kowa shaidar alherinta shi ne abokina Ingvald, masunci, wanda muka yi makaranta tare kuma har yau ba mu daina tsokanar juna ba. Wata shekara injin jirginsa ya mutu a bayan tsibiri, igiyar ruwa na tura shi kan duwatsu. Ya kama rediyo ya yi ihu, Oline ta ɗauki ihun ta tsallaka da shi dutse, jirgin ceto ya same shi saura ƙiris. In yana ba da labarin, kowace shekara igiyar ruwan sai ta ƙara tsawo.

"Sarkin ƙarya," nakan ce masa, "bara ka ce ta kai rufin shagon kifi, bana kuma ta kai kan coci?"

"Kai me ka sani game da teku, makiyayin ƙarfe? Kai da ko a kwanon wanka jiri kake yi. Oline ce ta cece ni, ba kai ba, don haka rufe mini baki."

Idan marigayiyar tana da aibi, to guda ne: ba ta iya cewa a'a ba. Da farko eriya biyu kawai take ɗauke da su, ta rediyon jiragen ruwa da ta talabijin. Sai wayar hannu ta zo, aka rataya mata faifai. Masu hasashen yanayi suka kawo nasu, masu aikin ceto suka kawo nasu, intanet ya zo da manyan fayafai masu kama da murfin tukunyar biki. Duk wanda ya zo da kaya sai ya dubi Oline, ita kuwa ta karɓa. Mu ma ba mu hana ba, don mu ke morar abin.

Ciwon ajalinta ya soma ne a hankali, sa'ad da hunturunmu ya sauya hali. Sanyin da muka tashi da shi busasshe ne, ƙanƙararsa gari-gari, ka buga ta zube. Yanzu teku ya ɗumama, hazo mai ruwa ke tasowa daga cikinsa, iska ta turo shi kan dutse, duk ɗigon da ya taɓa ƙarfe nan take ya daskare. Ƙanƙarar sai ta riƙa tsiro tana fuskantar iska, kamar gashin tsuntsu, yau kamu ɗaya, jibi ta kai tsawon hannu. Wani lokaci ruwan sama ya sauka a kanta ya daskare, ta koma kamar gilashi, guduma ta buga ta dawo.

Da kakar bara kamfani ya turo mai duba ta, aka yi dace Jorid ce, ɗiyar ƙanwata, wadda aka haifa a gidan da ke bayan shagon kifi, yanzu injiniya ce a kudu. Ta hau Oline har ƙoli, ta auna ƙarfin kowace igiya, ta leƙa kowace walda. Da ta gama ta zo ta zauna a kicin ɗinmu, ta riƙe kofin kofi ba ta sha ba.

"Kawu, in gaya maka gaskiya, ko in gaya maka abin da kake so ka ji?"

"Gaya masa gaskiya," in ji Halldis. "Ya girma."

Jorid ta miƙe ta ciro rariyar Halldis daga bango ta miƙo mini. "Kaɗa ta, Kawu." Na kaɗa, ba nauyi. Ta ɗauko tsumman goge kwano ta lulluɓe rariyar ta ce in sake. Na kaɗa, sai na ji iska ta riƙe mini hannu.

"To ka ga ciwonta ke nan. Ƙanƙara cuta biyu take yi mata. Tana danne ta da nauyi, wannan ɗaya. Ta biyu ta fi muni: tana toshe ƙofofin nan da iska ke wucewa, rariya ta koma bango. Ita kuma iska, in gudunta ya ninka, turinta sau huɗu yake ninkuwa. Nauyin ƙanƙara kaɗai, za ta iya. Iska kaɗai, za ta iya. Waɗanda suka zana ta sun iya aikinsu, Kawu, na ga lissafinsu, sai dai sun yi shi ne bisa cewa mafi munin ƙanƙara da mafi munin iska ba za su haɗu rana ɗaya ba. A zamaninsu haka ne. Kuma ba su san za a rataya mata murafan tukwanen nan ba."

"To a yi mata magani mana," na ce. "Ba don haka aka kai ki makaranta ba?"

Ta ce maganin yana nan: sababbin igiyoyi masu kauri, a kuma ƙarfafa mata ƙugu. Ta rubuta, ta kai, ta yi gardama har muryarta ta dushe. An ce mata akwai hasumiyoyi da yawa a layi, masu yi wa dubban mutane hidima, Lomvik kuwa ba ta cika mutum ɗari ba. Abin da kawai aka yarje mata shi ne a sauke manyan fayafan kafin sanyi ya shigo, a mayar da su da bazara. Hakan na nufin hunturu guda ba waya ba intanet, sai rediyon jirage. Da yake mu za mu zauna a duhun, kamfani ya ce mu za mu zaɓa.

Muka taru a zauren makaranta. Jorid ta yi bayani, ba ta ɓoye komai ba. Wadda ta fara miƙewa ita ce Runa, wadda 'ya'yanta uku su ne rabin ɗaliban makarantar. Ita da mijinta su kaɗai ne matasan da suka dawo garin da zama, kuma daga ɗakinta take yi wa wani kamfani aiki ta intanet.

"Ni ba zan yi muku kwana-kwana ba," ta ce. "In kuka sauke fayafan nan, ni kuka sauke. Ba wanda zai ajiye mini aiki wata biyar yana jiran ƙanƙara ta narke. In na tafi kuwa, da yaran zan tafi."

Ba wanda ya dubi Halldis, amma kowa ya san da ita ake tunani. Tun da zuciyarta ta fara rikici, likitoci suka dasa mata wata 'yar na'ura a ƙirji, mai aika musu labarin bugunta ta waya. Da wannan sharaɗin suka bar ta ta zauna a garin da asibiti ke nesa da shi tafiyar yini a jirgin ruwa.

"Ni kada a sa ni a ma'auni," in ji Halldis. "Uwata ta rayu a garin nan ba na'ura."

"Ta kuma mutu tana da shekara hamsin, Gwaggo," in ji Jorid a hankali.

Ingvald ya buga sandarsa a ƙasa. "Haba jama'a! Abin da ya tsaya shekara hamsin, hunturu ɗaya ne zai gagare shi? Ke Jorid, da hannuna na sha ɗaukar ki kina fitsari a wando, yau ke za ki koya mana halin Oline?"

"Baba Ingvald, kai ma shekara saba'in ka yi kana hawa tsani lafiya lau. Bara fa?"

Zaure ya ɗauki dariya, don kowa ya tuna yadda aka kwaso shi daga cikin tulin raga ƙafafu a sama. Shi ma ya dara. Amma da aka zo ɗaga hannu, kusan kowa ya ɗaga a bar fayafan. Ni ma na ɗaga, kuma ko yau aka sake tambayata zan ɗaga. Ba wauta muka yi ba. An ce mu zaɓa tsakanin mutuwar da ba makawa da wadda ake wataƙila, muka ɗauki mai wataƙilar. Jorid ta tattara kayanta ta ce, "Da a nan nake zaune, abin da zan zaɓa ke nan. Sai dai ƙarfe ba ya jin uzuri."

Bayan Kirsimeti hazo ya sauka a kan dutsen ya ƙi tashi. Makonni ba mu ga Oline ba. Jar fitilarta ta dusashe, ta koma kamar garwashi a cikin toka, daga baya ta ɓace. Muryarta ma ta sauya: fiton nan ya tafi, sai wani nishi mai kauri, buuum, buuum, da ake ji a ƙirji fiye da kunne. Rannan kuma ta yi shiru ɗif, alhali iska na kaɗawa. A cikin shekarun da na yi da ita ban taɓa jin ta yi shiru a cikin iska ba. Na kasa cin abinci.

Da sama ta ɗan washe, ni da Ingvald muka hau babur ɗin kan ƙanƙara muka nufi dutse a cikin ɗan hasken tsakar rana. Ban gane ta ba. Siririyar nan ta kumbura ta zama farin ginshiƙi, ba ƙofa ko ɗaya a jikinta, fayafan sun haɗe sun zama dunƙule guda kamar ƙaton ƙari a wuya. Igiyoyin da kaurinsu bai fi damtsena ba sun kai duro, suna lilo sama da ƙasa a hankali kamar igiyar tsallen yara. A ƙasa kuwa ga gutsattsarin da suka faɗo, wani ya kai saniya. Na sauka da gudumata a hannu.

"Makiyayin ƙarfe," in ji Ingvald, amma ba da muryar tsokana ba, "ina za ka da wannan? Kwashe teku za ka yi da ludayi?"

Na kira Jorid daga nan inda nake tsaye. Oline ce da kanta ta ɗauki kiran ta kai, tana cikin wannan hali. Na kwatanta mata abin da nake gani.

"Kawu, ja da baya. Yanzu, ina jin ka. Ka ja?"

"Na ja."

"Kada ka buga ko sau ɗaya. Nauyin nan da kake gani, daidaituwarsa ce ke riƙe da ita. In ƙanƙara ta saki igiyoyin gefe ɗaya ta bar sauran, kamar ana ja-in-ja ne ɓangare guda ya saki ba sanarwa."

"To me zan yi mata, 'yar nan?"

Ta ce, "Ka koma gida wurin Gwaggo. Ka roƙi Allah sanyi ya riƙe har iska ta kwanta. In ɗumi ya zo da iska tare, ba abin da ni ko kai za mu iya."

Ranar da rana ke dawowa muka taru a tudun bayan coci kamar kowace shekara, da kofi a fulas da burodi mai zaƙi. An shafa wa yara rawayan fenti a kumatu. Tun safe iska ta juya ta koma kudu maso yamma, mai ƙarfi, mai laushi, rufin gidaje na ta ɗiga. Halldis ta kwance gyalenta ta ce, "Tsoho, ji daɗin iskar nan, kamar bazara." Ni kuwa na ɗaga kai na dubi dutse.

Bakin rana ya leƙo ta tsakanin duwatsu, yara suka ɗauki waƙa. Runa ta ɗaga wayarta sama tana nuna wa mahaifiyarta da ke kudu. Hasken ya haye kan dutse ya sauka a jikin Oline, ta ɗauki ƙyalli kamar an zuba mata zinariya tun daga ƙafa har ƙoli. Mutane suka juya suna nuna ta da yatsa. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Mun gani kafin mu ji. Farin abu ya zubo daga igiyoyin kudu gaba ɗaya, igiyoyin suka yi tsalle sama kamar bulala. Oline ta girgiza, ta karkata arewa, ta dawo, kamar za ta tsira. Sai iska ta sake bugun ta. Ta lanƙwashe a ƙugu, yadda mai ciwon ciki ke duƙawa, kanta ya sauko a hankali, sauran jikin ya bi. Sannan ƙarar ta iso mana: tas! kamar bindiga, sai wani dogon ƙiiii da ban fatan in sake ji, sai rugugi da ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Waƙar yara ta tsinke. Ba abin da ake ji sai muryar Runa: "Inna? Inna, kina ji na? Inna?" Ingvald ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Rana kuwa ta yi 'yan mintocinta ta koma, ta bar mu da kofi a hannu.

Jorid ta iso a jirgin ruwan da ke zuwa mana kowace Alhamis. Ta yini a kan dutse tana bin gawar gaɓa-gaɓa, ta sauko idanunta jajir. Ta ce ba waldar da ta ci amana, ba notin da ya kwance. Kowane ƙarfe ya yi aikinsa har ya wuce abin da aka yi shi dominsa. Ta kuma roƙe ni in gaya wa tsofaffin da ke cewa rana ce ta kashe ta cewa ranar nan ba ta da zafin narkar da man shanu. Ɗumin iska ne. Na gaya musu. Ba su yarda ba, ni ma ban matsa ba. Iyalan marigayiyar ba sa zargin kowa.

Amsar kamfani ba ta daɗe ba: ba za a sake gina wata ba. Sun kawo wata 'yar guntuwa a kan tirela sun ajiye a bakin ruwa, ta aro, za su ɗauke ta ƙarshen bazara. Ba ta kama sabis sai ka tsaya jikin shagon kifi ka juya wa teku baya. Nan za ka ga dattawan gari sun jeru cikin sanyi, kowa da waya a sama kamar masu roƙon ruwa. Runa ta gwada yin aikinta a cikin mota a wurin, da bargo a kafaɗa, har yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa. Za su tashi bayan Ista. Malamar makaranta ta fara sa littattafai a kwali.

Likitan Halldis bai yi dogon bayani ba. An samar mana ɗaki a bene hawa na huɗu a birni, kusa da asibiti, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Ran da labarin ya zo, na same ta tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida.

"Tsoho, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni na jawo maka."

"Ke kika turo iskar?"

"Da ba don ƙirjin nan nawa ba, da ka zauna."

"In zauna in yi kiwon me? Garken nawa guda ɗaya ne, ya mutu."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka ci gaba da naɗe kofuna.

Ingvald ya ce shi ba inda za shi. Na tuna masa cewa yanzu rediyonsa ba ya tsallake tsibiri, in injin ya sake mutuwa ba mai jin sa.

"Kifi bai san ta faɗi ba," ya ce. "Zan fita. In na kira ba a ji ba, to ba a ji ba. Kakana haka ya yi."

"Kakanka ai teku ne ya cinye shi, sarkin ƙarya."

"To ka ga ba a sha wahalar haƙa masa kabari ba. Kai dai tafi benenka ka riƙa ƙirga motoci."

Marigayiyar ta rasu ta bar dunƙulen ƙarfen da ta tsaya a kai, wanda ko gezau bai yi ba, da turakun siminti da ke riƙe da guntayen igiyoyi har yanzu, ba su san an gama ba. Ta bar ɗan ɗakin batir, wanda kanta ya faɗo dab da shi bai taɓa shi ba. Ta bar wasu hankaki biyu da suka shekara suna sheƙa a ƙugunta, na gan su suna ta kewaya wurin da babu komai. Tana da 'yan'uwa mata a kan duwatsun gaɓar tekun nan har iyaka, sa'o'inta, masu ɗauke da irin kayanta a cikin irin wannan hazo. Jorid na bin su ɗaya bayan ɗaya, ta ce barcinta ya ragu. Sai kuma mu, mutanen Lomvik, waɗanda ba mu san ita ce ke riƙe da mu ba, mun zaci mu ke riƙe da ita.

Za a yi jana'iza in dusar ƙanƙara ta janye daga hanyar dutse, wajen ƙarshen Mayu in Allah ya kai mu. Masu walda za su zo su yanka ta gunduwa-gunduwa, a sauko da ita bakin ruwa, jirgin dakon tsofaffin ƙarafa ya tafi da ita inda za a narkar. Ba za a buɗe fuskar gawa ba, don ba ta da kyan gani. Fasto ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'a, amma zai zo shan kofi, kuma in mun rera waƙa ba zai toshe kunne ba. Masu halarta su sa takalman ruwa. Kada a kawo furanni, iska ba za ta bar su ba. Bayan an sauko za a zauna a zauren makaranta, a ci miyar kifi, wanda shi ne taro na ƙarshe da za a yi a ciki kafin a kulle.

Masu niyyar yi mana gaisuwa ta waya, mun gode, amma kada su wahalar da kansu. Wanda ya matsu ya shigo jirgin Alhamis, ya hau gari, ya ƙwanƙwasa duk ƙofar da ya ga hayaƙi na tashi a kan rufinta. Ya dai hanzarta, don gidajen da ke hayaƙi kullum raguwa suke.

Allah ya jiƙan Doguwa Oline, ya sa ta huta, ta daɗe a tsaye. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa akwai wanda ya rage da zai sanar.